Akwatin da Na Nemi Inna da Shi

Akwatin ba nawa ba ne. Wani mai sayen zinare, mutumin gabas, shi ya bar shi a but ɗin motata. Na ɗauko shi daga Anka zuwa Bukkuyum, ya sauka da jakarsa ya ce gobe zai zo ya karɓa. Bai zo ba. Wasu sun ce ya koma garinsu, wasu sun ce an tare shi a hanya. Na ajiye akwatin a rumfar tasha, direbobi suka mai da shi kujera.

Baƙi ne, an lulluɓe shi da wani abu kamar bargo, nauyinsa ya kai rabin buhun gero. Ba a ganin lasifikar, tana ɓoye a ciki. Rami ɗaya ne a gaba wanda hannu zai shiga, sai wayoyi biyu a baya. Samari suna ce masa wufa. Ni abin da na sani shi ne lasifika ce, kuma ban taɓa ganin wadda ta kai ta girma ba. A wurina babba ita ce mai ƙara. Haka na ɗauka.

Ni direba ne. Kafin tuƙi na yi shekaru a injin niƙa dutse, lokacin da zinare ya haukata ƙasarmu. Gubar da ke cikin ƙurar ta kashe mini yara biyu. Ƙurar kuma ta cinye mini maƙogwaro. Tun daga nan muryata ba ta wuce tsawon tabarma. In na matsa mata sai tari. Ko fasinja wani ne yake kira mini a tasha.

Inna tana wurina a ƙauye. Tsufa ya rikita ta. Matata da ta shekara goma tana dafa mata abinci, baƙuwa take ce mata. In an tambaye ta garinsu sai ta faɗi inda aka haife ta, wurin da ya zama kufai tun ban yi wayo ba. Fuskata ma ba kullum take gane ta ba. Muryata ce ba ta taɓa ɓace mata ba. In na tsaya a bakin ɗaki na ce, “Inna,” sai ta ɗago.

“Ka zaka? Ka ci tuwo?”

Ranar da ’yan bindiga suka shiga ƙauyenmu ina kan hanyar Gummi da fasinja. Bayan azahar ne, gero ya fi mutum tsawo. Matata ta goya ƙaramar ’yarmu, ta kama hannun Inna, suka faɗa gona da sauran yaran. A bakin wani kwazazzabo ta saki hannun don ta tsallakar da yarinya ɗaya. Da ta juyo babu Inna.

Ban zarge ta ba. Ban kuma ce mata ban zarge ta ba.

Muka samu ɗaki a wata makaranta a gefen Bukkuyum, mu da wasu gidaje uku. Bayan kwana uku na bi mazan da suka koma binne gawa. Duk wanda muka tarar sai na juya shi na duba. Inna ba ta ciki. Na bi gonakin har kwazazzabon. Wani ya ce ya ga mai babbar mota yana kwasar tsofaffi da yara a bakin titi, amma bai lura da inda ta nufa ba.

Na kai cigiya masallatai. Ladanai sun yi, Allah ya saka musu. Amma sunan ƙauyenmu suke faɗa, ita kuwa ba za ta ambace shi ba. Duk wanda ke riƙe da ita bai san daga can take ba. In kuma ita ce ta ji, muryar wani ce, ba za ta ɗago ba. Sai na ga abin da ya rage shi ne muryata, a kasuwa, da ƙarfi. A nan na tuna akwatin.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin tasha, tabaransa ɗaure da zare. Na dire masa akwatin a gaba.

“Injiniya, haɗa min wanga da rediyon mota.”

Ya leƙa ramin, ya juya bayan. “Ina amfilifayar?”

“Mi ke nan?”

“Ɗan inji na da ka ba shi ƙarhi. Rediyon motarka ba ta iya ɗaukar wanga ita ɗai.”

“Kana da ita?”

“Sai an aika Gusau. Mako guda, in hanya ta yi kyau.”

“Ba ni da mako.”

Ya sauke tabarau ya dube ni. “Wai mi za ka yi da shi? Kai da ko waƙa ba ka saurare? Ko tsufa ya zo maka da samartaka?”

Ban faɗa masa ba. Na gaji da faɗa. Duk wanda na gaya wa sai ya ce Allah shi bayyana ta, sannan ya tsaya yana kallona, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

“In babu ita, shina ƙara?”

“Shina yi, kaɗan. Amma ka ga...”

Na riga na sungumi akwatin.

Da kaina na haɗa. Lasifikun baya na motar sun daɗe da mutuwa, na zaro wayoyinsu, na feƙe bakin da haƙori, na murɗe su da na akwatin, na naɗe da leda. Da na kunna sai akwatin ya girgiza. Na sa hannu a ramin na ji iska tana bugun tafina. Na ce ya yi.

Mai cajin waya ne ya ɗauki muryata. Sau uku muna sakewa saboda tari. Ga abin da na ce:

“Inna, ni na. Ki taho wurin jar mota, ina ciki. Jama’a, cigiya nike. Mahaifiyata ta ɓace. Gajera, da shuɗin zane, babu haƙoran gaba, ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe. Ba ta san sunan garinmu ba. Wanda yag gan ta shi taho wurin jar mota.”

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a jere ba. Mai cajin ya zuba ta a memori, ya nuna mini inda zan danna ta riƙa maimaita kanta.

Haka na fara bin kasuwanni. Bukkuyum, Gummi, Anka, da ƙananan na ƙauyukan da ake iya shiga. In ɗauki fasinja zuwa can, suna mita akwati ya cinye rabin but. In na sauke su sai in zaga kasuwar sau ɗaya da ƙafa ina duba fuskokin tsofaffi. Daga nan in koma in juya bayan motar ya fuskanci jama’a, in ɗaga but, in shiga in zauna, in murɗa ƙarar har ƙarshe.

Zaman cikin ya zama dole. Na ce mata ina ciki. Sannan rediyon ba ta jure nauyin akwatin. In ta ɗan jima sai ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ɗauke. Sai na zaro ta daga raminta na bar ta a waje, ina ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma a baya. In ya bushe in sake jiƙawa daga jarka. Hannuna ɗaya a kan tsumma, idona a madubi. Inji kuma a kunne kada batir ya mutu.

A ƙofofin gaba akwai ƙananan lasifiku biyu da suka zo da motar. Su ba su mutu ba. Ina zaune muryata tana fitowa daga cikinsu tar, kowace kalma. Daga baya kuma kujera tana rawa. Na ce in ni da ke ciki ina ji haka, na waje sai sun toshe kunne.

A madubi ina ganin mutane suna waiwaye. Wasu su yi dariya. Wasu su girgiza kai su wuce. Ba wanda ya zo. Ba mamaki, fuskata ba ta gayyatar kowa. Na ce a raina zukata sun mutu, kowa ya rasa nasa, ba mai lokacin tsohuwar wani. Na tsane su. A kasuwar Anka na ga wasu mata biyu suna nuna motar suna ƙyaƙyatawa, saura kaɗan in fita. Da na fita ranar da na sani tun a mako na biyu.

In na dawo matata ba ta tambaya. Ta dubi kujerar baya ta ga babu kowa, ta ajiye mini abinci.

Mako bakwai. Masu sauran gona suka yanke gero.

A Gummi wuri ɗaya nake tsayawa, ƙarƙashin wani durumi kusa da mai shayi. Can gaba rumfunan mata ne masu kayan miya. Zuwana na huɗu, ban daɗe da kunnawa ba mai shayin ya zo ya ƙwanƙwasa rufin motar. Mutum ne mai tumbi da surutu.

“Direba, ka dawo muna da gurnaninka? Wai bikin wa aka yi ba a gayyace mu ba?”

Na dube shi.

“Kofunana har rawa suka yi bisa tebur. In sabon kiɗan birni na, an cuce ka. Ganga ɗai anka sayar maka, an riƙe mawaƙin.”

“Ba ka ji abin da nic ce ba?”

“Kac ce? Akwai magana ciki?”

Ya sunkuyo ya zura kai ta taga. Muryar tana daidai wurin yatsa. Ya saurara har ta ƙare ta sake farawa. Na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya zare kansa a hankali.

“Bawan Allah, hito ka ji.”

Na bar tsumman na fita. Na zagaya na tsaya a bayan motata, abin da ban taɓa yi ba tana kunne.

Babu magana. Wani gurnani ne, kamar bijimi ya faɗa rijiya. Yana hawa yana sauka daidai inda muryata ke hawa da sauka, amma babu kalma ko ɗaya. Na san inda “Inna” take, na jira ta, ta zo ta wuce a dunƙule. Na ja da baya taki goma. Na ƙara goma. Hayaniyar kasuwa ta rufe komai, sai wani ruri ƙasa-ƙasa da ake ji a ƙirji fiye da kunne. Ina tsaye rediyon ta yi zafi ta ɗauke.

Mai shayi ya miƙo mini kofi. Ban karɓa ba. Na rufe but na kama hanyar Bukkuyum babu fasinja.

Dattijon yana nan inda na bar shi. Wannan karon na faɗa masa duka, a tsaye. Bai katse ni ba.

Na ce, “Rashin amfilifayar na?”

Na so ya ce e. Da ya ce e, da na ɗora wa hanyar Gusau laifin.

“Ko goma kas sa mai. Wanga ba ya magana. Ganga na. An yi shi don kiɗa shi bugi ƙirji, shi ya sa anka ɓoye lasifikar ciki. Magana ba ta hita ta ramin ga.” Ya gyara tabarau. “Shi nis so in hwaɗa maka rannan.”

Ya tashi ya miƙa hannu sama da kansa. A jikin ƙusa akwai lasifikar ƙaho, irin ta masu tallar magani, ta lotse a gefe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta.

“Shekara biyu tana nan ba mai so. Ita ba ta son amfilifaya, rediyonka ta ishe ta. Da ka buɗe baki, da tun rannan...”

Bai ƙarasa ba. Ranar da na fara zuwa ma tana nan, a saman kansa. Na gan ta. Na raina ta don ƙarama ce.

Kafin a gama kiran la’asar ya haɗa ta, ya ɗaure ta a rufin motar da roba. Ya kunna, ya ce, “Tahi. Ci gaba da tahiya sai na ɗaga maka hannu.” Na tsallaka tasha, na wuce masu lemo, na wuce masu faci. Muryata tana bina. Mutane suka tsaya cak. Wata mata ta sauke tallarta tana saurare. Ban taɓa jin kaina daga nesa ba. Muryar tsoho ce mai ciwo, amma ana ji.

Na yi Bukkuyum da ita, na yi wata ƙaramar kasuwa. Mutane suka yi ta zuwa, kowa da tambaya da addu’a. Waɗanda na tsana ne. Ranar kasuwar Gummi ta zagayo na koma ƙarƙashin durumin. Mai shayi ya gan ni bai yi wasa ba.

Cigiyar ba ta maimaita sau uku ba na ga wata mata ta tashi daga rumfunan kayan miya. Ta karkaɗe hannu a zane. Ba ta yi sauri ba. Tun daga tafiyarta na gane.

“Kai ka cigiya?”

“Ni na.”

“Yatsan hagu?”

“Na hagu.”

“Kashe abin ga tukun.”

Na kashe. Ta tsaya ta dafa ƙofar motar. Za ta girme ni da kaɗan, tana warin daddawa.

“Sai haƙuri. Yau kwana tara da munka rufe ta.”

Na ce, “Allah shi jiƙan ta.” Ta ce amin. Mai shayi ya kawo mata benci ta zauna, ni ina cikin mota, ƙofa a buɗe.

Babbar motar a tashar Gummi ta sauke su. Kowa danginsa suka zo suka ɗauke shi, Inna ta rage zaune a kan dakali har rana ta yi sanyi. Matar ta tafi da ita gida. Sun tambaye ta garinsu ta faɗi wanda ba wanda ya sani. Da wannan sunan suka kai cigiya masallacin unguwarsu. Matar ba ta iya barin Inna ita kaɗai, sai take zuwa da ita kasuwa, ta shimfiɗa mata tabarma a cikin rumfa bayan buhunan kuka, inda rana ba ta kai. Ta ba ta nata zanen. Na wuce ta gaban rumfar sau uku ina duba fuskoki. Buhu na gani.

“Ba ta da rigima. Sai dai ba ta cinye tuwonta. Ta ci rabi ta rufe rabi, ta ce na yaron na, bai zaka ba tukun.” Ta dube ni sama da ƙasa. “Ashe kai na yaron.”

Zazzaɓi ne ya kama ta, kwana huɗu.

Da ta tsaya nan da ya ishe ni. Amma ta dubi motar, ta dubi but, na ga ta tuna wani abu.

“Jar motar ga ai mun san ta. Ba kai na mai gurnani ba?”

“Ni na.”

“Duk ran da kaz zaka kak kunna, sai ta tashi zaune ta kasa kunne. Ta ce, ku kwashe shanya, hadari ya taso. Mu ce Inna, rana ta ƙwal, ina hadari? Ta ce ita dai ta ji shi. Mu yi ta dariya.” Ta rufe baki da gefen mayafi. “Wallahi ba mu sani ba.”

Na ce, “Ba ku da laihi.”

Mijinta ya kai ni maƙabarta. Ƙasar ba ta gama kwanciya ba, an jera ƙaya a kai saboda dabbobi. Na tsuguna. Na ce, “Inna, ni na.” A nan muryata ta isa, ba nisa. Da muka koma gidan matar ta ɗauko shuɗin zanen, a wanke, a ninke. Na yi mata godiya yadda na iya. Ba ta kai ba.

Kafin in bar Gummi na koma kasuwar. Na tsaya a bayan motar, daidai inda ramin akwatin yake fuskanta, na taka zuwa bayan buhunan kuka. Taki arba’in da biyu. Na sake takawa a dawowa ko na yi kuskure. Arba’in da biyu.

Matata ta ga zanen a hannuna ta zauna a ƙasa. Da ta gama kuka ta ce, “Da ban saki hannunta ba.”

Na ce, “Ba ke ba ce. Tana da rai mako shida bayan kin saki. Ni na.”

Ban ƙara ba, ita ma ba ta tambaya ba. Har yau ba ta san zancen hadarin ba.

Na mai da akwatin rumfar tasha. Direbobi sun ci gaba da zama a kai. Wani saurayi mai sabuwar mota ya ce in ba shi, yana da amfilifaya. Na ce ba nawa ba ne.

Ƙahon kuwa, dattijon ya ce in riƙe. Masu cigiya ba su ƙare ba a ƙasarmu, suna zuwa wurina. Nakan kai su kasuwa, in kunna, in fita in tafi can nesa in tsaya in ji. An samu wasu. Da yawa ba a samu ba. Memorin da muryata take ciki yana aljihun motar, ban goge ba, ban kuma sake sawa ba.

Ƙauyenmu ba mu koma ba. Bana da damina ta faɗi ina zaune a barandar makarantar da rana, gabas ta yi baƙi, sama ta fara ruri can nesa. Matata ta leƙo ta ce da yara su kwashe shanya. Na tashi na shiga mota na rufe gilas.